Sarkin da Ya Kasa Faɗuwa

Shagon mai aski ɗan tsukuku ne: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, madubi mai tsaga, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Amma duk unguwa "Ranka ya daɗe" ake ce masa, har matarsa idan tana jin tsokana.

Dalili kuwa, tun yana saurayi shi ke fitowa a sarki a wasan kwaikwayon da ƙungiyarsu ke yi a zauren taro na gari: labarin wani barde da ya hau mulki da takobi, ya ƙi jin maganar kowa, ƙarshe aka soke shi a gaban karagarsa. Ba jawabinsa ke kawo mutane ba, faɗuwarsa suke zuwa gani. Kai, mutumin nan ya iya faɗuwa! Sai ya sandare, ya zaro ido, ya tafi gaba ɗaya kamar an sare bishiya, tim! Mata su ɗauki salati.

Mai soke shi kuwa ƙaninsa ne, bakanike, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara da shekaru yana kashe yayansa, yana jiran ranar da za a ce shi ma ya hau karagar. Ina! Da an taɓo maganar sai mai aski ya haɗe rai: "Wannan? Ko tuntuɓe bai iya ba." Har furfura ta fito wa bakanike yana nan riƙe da takobin katako.

Sai gwiwar mai aski ta fara ciwo, tsayuwar aski ta cinye ta. Likita ya hana shi tsalle-tsalle, matarsa ta yi roƙo har ta gaji: "Ranka ya daɗe, gwiwar nan fa ba ta san kai sarki ne ba." Ya yi kunnen uwar shegu. Gaskiyar magana tsoro yake ji. In ya sauka daga karagar ya koma tsoho mai almakashi kawai, wannan kuwa ya fi masa ciwon gwiwa zafi.

Ranar wasan zaure ya cika maƙil. Ya yi tsawarsa, ya fatattaki mashawartansa, komai daidai. Bakanike ya shigo, ya kai masa suka. Mai aski ya sandare, ya zaro ido, ya dubi daɓen nan mai tauri, sai jikinsa ya ƙi. Ya ce wa ƙafafunsa ku tafi, suka ce ba inda za su. Ga shi an kashe shi, ga shi tsaye ƙiƙam, gumi na keto masa. Can baya wani ya fara dariya.

Bakanike ya yar da takobin. Babu wannan a wasan. Ya matso ya rungume shi, ya raɗa masa: "Yaya, saki jikinka, ina riƙe da kai." Ya kwantar da shi a hankali, hannu ɗaya a ƙeyarsa don kada ta bugu. Dariyar ta ɗauke ɗif.

Mai aski na kwance yana jin warin baƙin mai a hannun ƙaninsa, kunya da ƙauna suka rufe shi lokaci guda. An san gawa ba ta magana, amma wannan ta motsa leɓe: "Na daɗe ina tare maka hanya. Daga yau kai ne."

A nan ne ya kamata bakanike ya miƙe ya yi ihun nasara. Mai jan labule yana ta yi masa alama da hannu. Shi kuwa yana durƙushe a kan gawar azzalumin sarki yana kuka wiwi, ya kasa tashi.