Naman Layya da Dabbar Jikata

A shekarun da Babbar Salla ta riƙa faɗowa cikin tsananin zafin ƙasar Faransa, an yi mini wani abu a gidana na Lyon wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Jikata ta fari ce ta sami gurbin karatu a Paris, ɗakin da aka ba ta kuwa ko sallaya da ƙyar yake ɗauka. Kafin ta tashi ta kawo mini akwatinta na gilashi, da wata halitta a ciki da ake kira aksolotil. Siffarta kamar ƙadangare, amma ba ta fita daga ruwa. Fara ce mai ratsin ja, da wasu rassa uku-uku masu laushi a gefen kanta waɗanda take numfashi da su. Yarinyar nan da ta saba yi mini wasan jika, tana cewa na tsufa ba ta so na, ran nan ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kaka, amana ce. Sai na sami wuri zan karɓe ta."

Na karɓa, kuma ban taɓa karɓar amana da rabin zuciya ba. Na koyi cewa ruwan famfo sai an sa masa magani ya huce kafin a zuba mata. Na koyi miƙa mata tana da ɗan hantsaki, ni da na yi shekara talatin ina koyar da lissafi. Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne sanyi: in ruwan ya wuce digiri ashirin, ta shiga wahala. Gidanmu kuwa a unguwar La Guillotière yake, hawa na biyar, ƙarƙashin rufi. Saboda haka na tanadi gorunan ruwa shida a ɗakin ƙanƙara na firigo, wato firji, ina jefa biyu cikin akwatin, in sun narke in musanya. Hajiya, uwargidana, ta yi ƙorafi kwana biyu, daga baya ita ce ma ke tuna mini lokaci.

Da yake ni ne babba, a gidana dangi ke yin Salla. Ƙanin Hajiya ya taso daga Bobigny, kusa da Paris, da motarsa, da iyalinsa, da wani babban akwatin sanyi mai shuɗin murfi. Tun da ya shigo ya ga dabbar yake dariya. Ya tambaye ni ko da ita zan yi layya bana, ya ce in ya je gida zai shaida wa mutanen Damagaram cewa malaminsu ya zama makiyayin ƙadangare. Na ƙyale shi, domin akwai wasa tsakaninmu. Amma na nuna masa gorunan, na yi masa bayani dalla-dalla, ya ce ya ji.

Ranar Salla bayan an sauko idi, shi ya tafi mayanka a bayan gari ya karɓo ragunanmu biyu, nawa da nasa. Ni kuma na bi tsofaffin unguwa gaisuwa, gida-gida, kamar yadda aka san ni da shi. Ban dawo ba sai bayan la'asar.

Na tarar da gida ya cika da hayaƙin suya, tagogi a buɗe, zafi kamar maƙera. Gorunana shida suna jere a kan tebur, sun narke sarai, har an sha biyu. Ɗakin ƙanƙara an danƙare shi da nama, firigon ma haka. An kuma ja akwatin gilashin zuwa bakin taga, cikin rana, don a sami wurin shimfiɗa tabarma. Ma'aunin zafi ya nuna ashirin da shida. Dabbar tana shawagi a saman ruwa, rassan kanta sun tanƙwaro gaba, bakin wutsiyarta ya lanƙwashe. Na miƙa mata tana, ba ta ko dube ta ba.

Na tambayi wanda ya yi wannan aiki. Surukin nawa, da tsoka a hannu, ya ce shi ne, ai nama ba ya jira.

Ya ce, "Haba Alhaji, ibada fa muka yi. Za a bar naman layya ya lalace saboda ƙadangare?"

Wannan kalma ta ibada ita ta fi ƙona mini rai. Mutum ya tara raguna biyu a firigo don ya ci har sanyi ya shigo, sa'an nan ya kira shi ibada, a gaban mutumin da ya girme shi da shekara goma sha biyar. Na ce masa, "A gidan mahaifina ba a kwana uku da naman layya. Rabawa ake yi. Yau za ka ga yadda ake yi."

Na buga wa jikata waya, ban ɓoye mata kome ba. Ta ce in sa dabbar a roba mai murfi da ruwa mai tsabta, in rage mata zafi sannu-sannu, daga bisani in ajiye ta cikin firigo, a hawan ƙasa, in rufe da tawul. Ko kalma ɗaya ta zargi ba ta faɗa ba, hakan kuwa ya fi mini ciwo.

Na fitar da naman da hannuna, na kasa shi kashi-kashi. Hajiya ta dube ni, ta dubi ƙaninta, ta ɗauko ledoji. Muka bi benen daga sama har ƙasa: tsohuwa Balarabiyar da 'ya'yanta ba sa zuwa, ɗaliban Maraɗi huɗu da ke ɗaki guda, mai gadin gidan wanda ba Musulmi ba ne. Surukina yana biye da ni da ledoji, yana ƙunƙuni cewa an mayar da ragonsa fansar ƙadangare. Na ci gaba da rabo.

Kwana biyar dabbar ta yi a firigo, tsakanin madara da tumatir, kullum ina sauya mata ruwa. Ran na shida ta fizge tana daga hantsakin da ƙarfinta.

Surukina ya koma Bobigny da cinya ɗaya, cikin fushi ya manta akwatinsa mai shuɗin murfi. Da jikata ta sami ɗaki mai faɗi, a cikinsa na ɗauki dabbar, na shiga jirgin ƙasa, na riƙe shi a kan cinyata har Paris. Ta buɗe, ta duba rassan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta ce ashe tsohon nan yana da sauran amfani.

Ya aiko sau biyu a mayar masa da akwatin. Na ce ya zo da kansa ya karɓa, ya kuma faɗi abin da ya kamata ya faɗa. Akwatin yana nan bisa kabad.