Kakata da Mai Lema

Makon jiya ina cikin motar haya daga Bici zuwa gida, a matse tsakanin buhun taki da wani ɗan makaranta, sai wayar yaron ta saki wata waƙa da harshen Japan. Ko kalma ɗaya ban san ma'anarta ba, amma na haddace ta tun daga farko har ƙarshe. Nan take raina ya ɓaci, irin ɓacin ran da na saba da shi tun ina ƙaramar sakandare, lokacin da kakata ta mayar da ni tafintanta.

Yayana ne ya jawo mini. Yana karatu a kwalejin Bici, ya zo hutu da rani, ya bar mini tsohuwar wayarsa cike da katun na mutanen Japan. Labarin wani saurayi ne mai gashi a tsaye kamar kan dawa, yana da lema da ke rikiɗa ta zama takobi, abokin tafiyarsa kuma wani kunkuru mai magana. Aljanu sun sace kogin garinsu, ya fita nemansa. Da waƙar nan kowane kashi ke farawa. Da yarensu suke magana, Turanci yana bi ta ƙasa a rubuce.

Ina laɓe a bayan rumbu ina kallo, Kaka ta zo ɗiban dawa. Mahaifiyar babana ce, kuma maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, 'ya'yan wa ke ihu a hannunka?"

Na nuna mata don ta tafi. Sai ta kifa turmi ta zauna, ta ce, "To, me kunkurun ya ce?"

Daga ranar ban sake samun la'asar tawa ba. Ka san yadda ihun 'yan ƙwallo ke shiga kunnen yaro daga fili. Ina jin abokaina suna kiran juna, ni kuwa ina gindin darbejiya, Kaka tana ɓarar gyaɗa a faifai, ina fama da rubutun da ke gudu kafin in haɗa baƙi. Turancin nawa ma bai taka kara ya karya ba. Ga shi ba ta bari a wuce. Ɗan gidan wa ne wannan? Ya ci abinci kuwa? Me ya sa idanunsu kamar faranti? Abin da ya fi damunta shi ne yadda suke kiran sunan duka kafin su kai shi. Ta ce wanda zai doke ka da gaske ba ya shela. Ana tsakiyar faɗa, takobi a sama, sai ta sa in tsayar don ta tofa albarkacin bakinta. In caji ya ƙare, ni za a aika shagon mai caji a ƙafa, cikin zafin da ke gasa tafin ƙafa. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce ita ba ta shiga tsakanin mutum da kakarsa. Baba kuwa dariya kawai ya yi.

Dab da saukar ruwan farko labarin ya ƙare. Kogi ya dawo, Mai Lema ya yi aure, ya rataye lemarsa, ya ɗauki fartanya. Kaka ta karkaɗe zaninta ta ce, "Ɗan halak. Haka ake yi." Ni ma na yi hamdala, na ɗauka na fita ke nan.

Ashe akwai ci gaba. Da hutu ya zagayo Yaya ya zo da shi, kuma bai yi mini kara ba, a gabanta ya faɗa. Tun a kashin farko wani tsuntsu ya kawo wa Mai Lema labarin wata ƙasa a bayan teku. Gero ya kai gwiwa, matarsa da goyo, ya sauko da lemar nan ya kama hanya.

"Tsayar," in ji Kaka. Ba ta sake taɓa gyaɗar ba. "Wa ya bar wa noman maimai?"

Na ce ba su faɗa ba.

"Mara kunya. Kogin da ka dawo da shi bai ishe ka ba?"

A nan sai in gaya maka zancen baffana, ƙanen Baba, autan Kaka. Ya je cirani Kudu ya shantake shekaru, ya dawo aka yi masa aure, ya yi damina ɗaya. Ta biyu ba ta yi nisa ba ya sake tafiya, ya bar matarsa da jariri a gidanmu. Kaka ba ta zancensa, ba ta kuma son a yi. In ya kira aka miƙa mata waya, "Lafiya lau, Allah ya tsare" kawai take cewa, ta mayar. Amma Mai Lema kullum sai ya sha faɗa. Ta ce masa mai ƙafar yawo, ta ce masa wanda bai san zafin haihuwa ba. Matar Baffa tana daka a bakin madafi, sai ka ji taɓarya ta ƙara nauyi. Ni a lokacin ban gane komai ba. Haushina ɗaya, ana tsayar mini da kallo ana yi wa zane wa'azi.

Katun ɗin ya tsaya a tsakiya, Mai Lema yana cikin kwalekwale. Yaya ya ce sauran yana cikin littafin zanen da daga shi ake yin katun ɗin, kuma kaɗan-kaɗan ake fitar da shi duk mako. Ba launi, ba murya, ba motsi. Na ce shi ke nan, wannan ba zai burge tsohuwa ba. Da na nuna mata cewa daga dama ake fara karanta shi, sai ta gyara zama ta ce, "Ashe mutanen nan sun san allo."

Aikina ya ninku. Waya ba ta kamawa sosai a ƙauyenmu, sai ranar kasuwar Tsanyawa nake samun sabon shafi a can. In an aike ni sayen daddawa da kanwa, sai ta biyo ni har zaure ta ce in taho mata da labarin. Yanzu kuma har muryoyi ni ne mai yi. In na yi ta kunkuru ta ce ba haka yake magana ba, na cika sauri.

Wata rana da girbi, na wuni ɗaukar dami, wuyana kamar ba nawa ba, na ce bari in kashe bakin zaren. Na buɗe shafi na ce ga shi nan, ya koma gida, matarsa ta kawo masa fura, labari ya ƙare. Ta karɓi wayar, ta miƙar da hannu nesa da fuskarta, ta daɗe tana dubawa.

"Ina matar? Ina rumbu? Wannan ai ruwa ne ko'ina. Maigida, idona ne ya tsufa, ba hankalina ba."

Ta sa na sake daga farko.

Ina ajin ƙarshe na sakandare ciwo ya kwantar da ita, da bazara. Na dawo daga kasuwa na shiga gaishe ta, ɗakin yana warin man zafi. Ba ta nemi in karanta ba, tambaya ɗaya ta yi.

"Ya juyo?"

Na ce bai juyo ba.

"Mai taurin kai," ta ce, ta mayar da fuskarta bango. Kafin kasuwa ta zagayo Allah ya karɓi abarsa. Baffa ya iso ana zaman makoki, kuma bai sake tafiya ba. Shi ke noma gonarta har yau, furfura ta cika masa gemu.

Littafin nan fa har yanzu bai ƙare ba. Mai zanen sai ƙara tsibirai yake yi, kowane da sarkin aljanunsa. Ni da nake koyarwa a firamare, da iyalina, duk mako sai na buɗe, in karanta, in yi tsaki. 'Ya'yana ma suna kallon irin waɗannan, amma kowa da abin ji a kunne, an fassara musu da Hausa, ba mai neman tafinta, ba kuma mai tsayar da faɗa ya tambayi wa aka bar wa gona.

Bara muna hutawa a bakin gona Baffa ya ga ina hararar waya, ya tambaye ni. Na ba shi labarin Mai Lema, na kuma faɗa masa abubuwan da Kaka ke ce masa, ban rage ko ɗaya ba. Ya murza ƙasa a hannu.

"Ni ba ta taɓa gaya mini ko ɗaya ba," ya ce. Ya ɗauki fartanyarsa ya koma kan kunyar da yake nomewa.

Ban san mai zanen nan ba, shi ma bai san akwai ƙauyenmu a duniya ba. Amma da zan gan shi, ba gaisuwa zan fara yi ba. Ce masa zan yi ya isa haka, ya mayar da mutumin nan gida tun akwai wanda zai tarar.