Waƙar da Na Yi wa Inna

A ofishinmu na ƙaramar hukuma a Makarfi, da an yi azahar aiki ya ƙare. Wasu su kama hirar siyasa, wasu su sulale gona. Ni waya nake ɗauka. Akwai wata manhajar waƙoƙi a ciki mai sashen bidiyo, sai in rage sauti in yi ta ja da yatsa: wannan na rawa a bakin ruwa, wancan na kuka a kan soyayya. Ba wani abu nake nema ba, lokacin tashi kawai nake jira.

Wata Laraba da damina, ina cikin ja, sai ga fuskar da na sani. Abokina ne da muka yi makarantar kwana tare a Ikara, gadonsa a sama, nawa a ƙasa. Ya yi ƙiba, ya sha shadda, ya jingina da wata farar mota. Na san ya koma birni yana waƙa, amma mun yi shekaru ba mu gaisa ba. Na yi murmushi na danna.

Tun kafin ya buɗe baki na gane karin. Sai ya ce, "Kin tafi ba sallama, ƙofar ɗakinki a buɗe."

Ni na rubuta wannan. Muna aji biyar Inna, mahaifiyata, ta rasu a ƙauyenmu kusa da Gazara. Ana jarrabawa, sai kawuna ya hana a faɗa mini. Da na dawo hutu na tarar da ɗakinta a buɗe, an riga an raba kayanta. Na koma makaranta na rubuta waƙar a bayan littafin lissafi. Mutum ɗaya na taɓa rera wa, wannan abokin nawa, a bayan ɗakin kwananmu, kuma shi ma sai da ya yi hawaye.

A bidiyon kuwa, wata budurwa ce ke jan akwati tana yatsina, shi yana bin ta yana dafa ƙirji. Bai canza komai ba sai inda na ce Inna, ya sa masoyiya. Na kalla har sau huɗu. A ƙasa mutane sun yi ta rubutu suna yaba basirarsa, wata ma ta ce da waƙar za ta shiga ranar bikinta.

Bayan sallar layya muka haɗu a Kudan, wajen ɗaurin auren wani ɗan ajinmu. Ya rungume ni, muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki. Na ja shi gefe.

"Na ga waƙar Inna," na ce.

"Wace Inna?" Sai kuma ya tuna. "Af! Allah ya jiƙanta. Ai mutumina, raya maka ita na yi. Da yanzu gara ta cinye littafin nan."

"Uwata ce ka mayar budurwa mai jan akwati."

"Haba, kai ma ka san waƙar mutuwa ba ta tafiya. In sunanka kake so, gobe in sa a rubuta a ƙasa."

Na ce ba suna nake so ba, ya cire ta. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ya ce tana wayar kowa, daga ina zai fara cirewa? Sai aka kira shi ɗaukar hoto, ya dafa kafaɗata ya wuce.

Gaskiya ya faɗa. Na goge manhajar, amma 'yan acaɓa na sa waƙar, ana sa ta a shagon caji da cikin motar Ikara.

Rannan na dawo daga aiki na tarar da babbar 'yata tana wanke-wanke tana rera ta, har da kaɗa kai. Sunan Inna gare ta, ba ta kuma taɓa ganinta ba. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Kwano ya suɓuce mata, ta tsaya tana kallona, hannunta duk kumfa.

"Baba, me na yi?"

Uwarta ta fito daga ɗaki ta yi mini tambaya iri ɗaya. Na wuce ta na shige ɗaki. Har yau ban faɗa musu ba. Yarinyar dai in ta ji ƙarar babur ɗina a ƙofar gida, ko me take rerawa sai ta yi shiru.