Kawu Isufu Mai Karammiski

Duk wanda ya san Kawu Isufu a Kwaya ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya shafa abin da ke hannunka. Bokiti ne ko salula, sai ya bi shi da bayan yatsa, ya girgiza kai, ya ce roba tana yawo tsirara ba mai tausayinta. Yayan mahaifiyata ne. Ya daɗe yana aiki a wata izin, wato masana'anta, a Kano, inda ake yi wa akwatunan 'yan kunne da kwalayen turare rufin karammiski. Can matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Da izin ta rufe ya dawo gida da buhu uku na garin zaren da ake yin rufin da shi, ja da kore da shuɗi, da rariya da gwangwanin gam.

Aikin ba wuya a ido. Ya shafa gam a jikin roba, ya tankaɗe garin a kai, ya karkaɗe, ya bari ya bushe, sai ka ji abu lallausa kamar bayan ɗan kyanwa. Amare daga Yekuwa har Dogo-Dogo suna aiko masa da akwatunansu. Matsalar Kawu, ba ya tsayawa inda aka sa shi.

Wata rana ya ɗauke butar Liman ba da saninsa ba, ya maido ta ja wur. Kwana uku Liman yana alwala da ita, ta jiƙe, ta fara warin bunsuru. Ya kawo ta har gida ya nuna masa. Kawu ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Ai karammiski ba ya son ruwa, Malam. Sai dai ka riƙa taimama."

Ga tsimi kuma. Ba a buɗe taga a ɗakinsa, ba a fifita, kada iska ta kwashe masa gari. Ran nan abokinsa Malam Haru ya zo hira, atishawa ta ƙwace masa, koren gari ya tashi ya sauka a gemunsa. Kawu bai ko yi masa addu'a ba. Ya zaunar da dattijon nan, ya shimfiɗa takarda a ƙarƙashin haɓarsa, ya taje gemun tsaf, ya juye abin da ya samu a buhu. Sannan ya ce masa in ya sake jin atishawar ta taso, ya daure har sai ya kai garin Dungas. Malam Haru ya yi fushi bai ƙara zuwa ba. Sauran ma a hankali suka janye, don ba mai son hirar da ake riƙe numfashi.

Sai ya rage shi da rediyonsa. Ita ma ya yi mata rufi har bakin lasifika, muryarta ta shaƙe. Na ce masa ba a jin abin da take faɗi. Ya ce, "Ni ba labarin nake so ba, Zuwaira. In dai ana magana a ɗakin, ya ishe ni."

Ni nake kai masa fura. Kullum sai ya miƙo mini wani akwati ya ce in riƙe masa a cinya har gam ya bushe, kada in motsa. Sai in zauna, shi kuwa ya yi ta ba ni labarin Kano da na matarsa. Na daɗe ban gane cewa akwatin nan tun jiya ya bushe ba.

A daminar da ya rasu, ana tsakiyar noman gero, na ajiye furar a bakin ƙofa ina sauri. Ya leƙo da akwati a hannu. Na ce masa sai gobe, ana jirana a gona. Ya ce to, Allah ya kai mu. Washegari na same shi jingine da bango, furar tana inda na bar ta.

Allah ya jiƙan Kawu Isufu, ya yafe masa, ya yafe mana. Allah ya haɗa shi da matarsa, ya ba shi masu zama da shi ba sa sauri.