Malama Asama'u, Wadda Ta Kai Ɗiyar Zakka Gasar Ƙasa

Duk wanda ya saba bi ta bayan sakandaren 'yan mata ta Safana da sassafe ya san wannan ƙarar: dum, dum, dum, kamar ana daka a wani gida mai nisa. Ba daka ba ce. Malama Asama'u Jinjiri ce take gwada ƙwallayenta a kan siminti, tana ware masu iska da waɗanda suka sace. Waɗanda suka sace ta ba su iska da famfon keke, sannan ta ɗauki tsintsiya ta share kashin awakin da suka kwana a filin. Kafin ɗalibai su fara shigowa ta gama, usur na rataye a kan hijabinta, tana amsa gaisuwa tana duba ƙafafunsu ko akwai wadda ta zo da silifas.

'Yar Batsari ce. Aiki ya kawo ta Safana tun tana goyon fari, aka ce ita ce malamar wasanni. Ta tarar babu fili, babu ƙwallo. Ta kai wa wani mai walda rodi ya lanƙwasa mata zobe biyu, kafinta ya raba tsohuwar ƙofar aji ya yi alluna, raga kuma ita ta saƙa da hannunta. Haka ƙwallon kwando ya shigo garin. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ba zai yiwu ta tafi shiru ba, don akwai abin da ta yi a kakar wasan bara waccan da ya kamata kowa ya ji.

Cikin ɗalibanta akwai wata doguwar yarinya 'yar ƙauyen Zakka, Mutmainna, ɗiyar Malam Tayyib mai makarantar Islamiyya. Doguwa ce har tana jin kunyar tsawonta, kullum a duƙe take tafiya. Ranar da Malama ta fara miƙa mata ƙwallo ta ce, "Ke, miƙe tsaye. Allah ne ya ba ki, ba aro kika yi ba." Kafin ta gama makaranta, Mutmainna ta zama abin tsoro a ƙarƙashin kwando. A wasan makarantu da aka yi a Katsina wani koci daga Kaduna ya gan ta, ya ce yana son ta a ƙungiyarsa ta mata da ke buga gasar ƙwararru ta ƙasa.

Malam Tayyib ya ce a'a. Ba mutum ne mai faɗa ba, amma idan ya ce a'a ya gama. Malama ta hau babur ta tafi Zakka, ta same shi a zaure bayan ya sallami ɗalibai. Suka gaisa, ta tambayi iyali da gona, ya tambayi maigida da aiki, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Malama," ya ce, "ni ba wasan nake ƙi ba. Na ga kayan da suke sawa. Kuma ɗiya mace a garin da ba ta da kowa, wa zai tsaya mata?"

"Allah ya gafarta Malam, maganar kaya a bar mini. Maganar wanda zai tsaya mata kuma, ga ni."

"Ke da kike da aiki da naki iyalin?"

"Hutu ya kusa. Ni zan kai ta, in ga inda za ta kwana da waɗanda za ta zauna da su. Abin da bai yi mini ba, a mota ɗaya za mu dawo."

Ya ce zai yi shawara. Malama ta wuce Batsari wurin tela, ta kira kocin aka tabbatar da abin da dokar wasa ta yarda da shi, aka ɗinka dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabin da ba ya zamewa, duk da launin ƙungiyar. Ta kai Zakka, Mutmainna ta sa a tsakar gida gaban mahaifiyarta Inna Rabi, ta yi tsalle, ta yi gudu. Inna Rabi ta leƙa zaure ta ce, "Malam, zo ka gani da idonka." Ya zo ya gani. Sannan ya ɗaga hannu ya yi mata addu'ar tafiya.

Ke ce, Malama, kika bar gidanki cikin hutu kika kwana a tabarma a masaukin 'yan wasa a Kaduna, har kika san sunan kowace yarinya da addininta da garinsu. Ke ce kika sami wata dattijuwa mai dafa musu abinci kika damƙa mata amanar ɗiyar mutane kafin ki juyo.

Farkon kakar bai yi daɗi ba. An yi zagayen farko Mutmainna na kan benci, ko ta shiga ba ta jimawa. 'Yan wasan birni sun fi ta sauri, turancinsu ya fi ƙarfin kunnenta. Wata Juma'a ta kira tana kuka.

"Malama, ni gida zan dawo. Ba su bukatata."

"To, dawo. Amma faɗa mini, da aka sa ki jiya, ƙwallon da ya dawo daga allo wa ya kama?"

"Ni."

"Kika ba wa?"

"Kyaftin. Ta ci."

"To ashe suna bukatarki. Ki share hawaye ki je ki ci abinci."

Mutmainna ta zauna, ba ta dawo ba. A zagaye na biyu ta fara shiga da wuri, ƙungiyar ta yi ta nasara har ta kai wasannin ƙarshe a Legas. Kofin bai zo hannunsu ba, an fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Saura wasan neman na uku, kuma ƙungiyar ba ta taɓa kaiwa nan ba.

Malama ba ta je Legas ba, lokacin jarrabawa ne. Da la'asar ta jingina wayarta a kan tebur cikin aji, 'yan mata suka cika ɗakin har taga, ana kallo ta intanet. Wasa ya zo ƙarshe, ana bin su Mutmainna maki ɗaya. Mutmainna ta yi tsalle za ta jefa, aka buge mata hannu, alƙalin wasa ya busa: jifa biyu, ba mai tare ta. Ta tsaya a kan layi, ta gyara hijabi, ta buga ƙwallo a ƙasa. Sai hoton ya tsaya cak. Sabis ya ɗauke.

Ajin ya kaure da salati. Wata ta fizgi wayar ta fita da gudu tana ɗaga ta sama, ba abin da ya motsa. Malama ta zauna a bakin ƙofa. Can sai wayar ta yi ƙara, yarinyar ta dawo da ita a guje. Lambar Malam Tayyib ce, mutumin da bai taɓa kiranta ba. Ashe ya bi ɗalibansa bayan gari, kan tudun da ake samun sabis, suna kallon wasan.

"Malama! Malama, kina ji na?" Ana ihu a bayansa. "Ta jefa, ya shiga. Ta sake jefawa, ya shiga! Duka biyun, Malama!"

Waɗanda suke wurin sun ce ba su taɓa ganin Malama Asama'u ta yi guɗa ba sai ranar. Guɗar ta kai har ofishin shugabar makaranta, ita ma ta fito ba takalmi.

Da Mutmainna ta dawo da lambar tagulla, ba ta wuce Zakka ba sai da ta tsaya a Safana ta rataya wa Malama a wuya. Malama ta cire ta mayar mata, ta ce, "Kai wa Inna Rabi. Ita ta leƙa zaure."

Makon jiya Malam Tayyib ya zo makaranta da kansa, riƙe da hannun ƙaramar ɗiyarsa Zulaihat. "Na ji an ce za ki yi ritaya," ya ce. "To ga wannan, za ta fi yayarta tsawo. Yaya ke nan?"

Malama ta dubi yarinyar sama da ƙasa, ta yi dariya. "Allah ya gafarta Malam, gwamnati ce ta sallame ni, ba yara ba. Ta zo ranar Litinin, da takalmi."

Mun gode, Malama Asama'u, uwar dogaye. Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai, ya saka miki da alheri. Ku kuma malaman da aka tura ƙauye kuna ganin ba abin da za a iya, ku zo Safana ku gaishe ta. Sannan ku koma ku dubi yaran da ke gabanku da kyau, akwai wadda take jira a ce mata ta miƙe.