Kumburin da Aka Ce Mini Na Jego Ne

Assalamu alaikum. Kun san ni a nan ba mai dogon rubutu ba ce, iyakata in sa hoton atamfa in yi shiru. Wannan maganar kuwa na fi shekara ashirin ina haɗiye ta.

Jiya 'yata ta nuna mini sanarwar rasuwar likitar da ta yi jinyata, wadda daga baya ta zama Farfesa. A ƙasan sanarwar wani ya rubuta wai me ta tsinana wa talaka ban da rubuce-rubucen Turanci. Tun jiya raina ke tafasa. Malam, ga abin da ta tsinana.

Shekarar da soja suka miƙa mulki na yi haihuwar fari. Daga Gwammaja aka mayar da ni gidanmu a Sheshe wankan jego. Mahaifiyarmu ta rasu, don haka Goggo, ƙanwar babanmu, ita ta karɓe ni. Safe da yamma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, sai kunun kanwa cikin ƙwarya.

Ƙafafuna suka fara kumbura. Sai tari. Sai ya zama in na kwanta numfashi ya tsaya mini a wuya, dole in zauna in jingina da bango.

Na faɗa wa Goggo. Ta ce, "Ke dai raki gare ki. Wace mai jego ce ba ta kumbura? Sanyi ne ya shige ki." Ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu.

Ba mugunta ba ce, wallahi tana sona. Abin da ta gada ke nan.

Mijina, Malam Sani, kunyar surukai ba ta barinsa ya wuce zaure. Ranar da ya jiyo tarina daga can, sai ga shi a tsakar gida.

"Goggo, a yi mini aikin gafara, asibiti zan kai ta."

"Mai jego ta fita kafin arba'in? A gidanku haka ake yi?"

"A gidanmu ma ba a yi. Yau dai za a fara."

Mota ba ta shiga lungunmu. A hannu ya ɗauke ni har bakin titi, mata suna leƙe.

A asibiti aka sa mini robar iska a hanci, aka yi mini allurar da ta sa na yi ta fitsari, aka ɗauki hoton ƙirjina. Kullum da safe a ɗora ni a sikeli. Abinci babu gishiri. 'Yan siyasa na ta alƙawari a rediyo, mu kuwa ko sirinji sai mun saya. Kekensa na zuwa kasuwa Malam ya sayar.

Likitar ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Malama, zuciyarki ce ta gaji bayan haihuwa. Ba mu gama sanin dalilinsa ba, shi nake bincike a kai. Amma zuciyar da ta gaji ba ta ɗaukar kanwa da gishiri da wannan zafin." Ta nemi izinina ta sa ni cikin matan da take bibiya. Ta tambaye ni ko a danginmu an taɓa yin irin wannan.

Sai na tuna Yaya Binta, na ba ta labarinta.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shekara biyu kafin nan ta haihu, a ɗakin da na zauna ta zauna. Ita ma ta kumbura, ita ma a zaune take barci. Ni nake riƙe mata ƙwaryar kunu ina cewa, "Daure ki shanye, Yaya." Ba ta yi arba'in ba. Muka ce kwana ne ya ƙare.

Na san kwana ne. Amma ba wanda ya kai ta ko ƙofar asibiti, wannan shi ke cina har yau.

Da Goggo ta zo dubiya, ta dubi likitar sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, uwarki ba ta yi wanka ba da ta haife ki?"

Likitar ta yi dariya ta ce, "Ta yi, Goggo, ni ma na yi. Amma da ruwan da hannu zai iya shiga. Ki bar mini wannan 'yar taki, ba na so ki sake rasa wata."

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na daɗe ina shan magani kafin in iya sharar tsakar gida ban zauna ba. An hana ni sake ɗaukar ciki, na sha gori a kan haka, na haƙura. Ina raye, na aurar da 'yata.

Bara da ita ta je awon ciki, nas ta tara su ta lissafa musu alamun nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce daga binciken Farfesa suka koya. A gadajen irinmu ta tattara shi. To, kai mai tambaya, ka ji.

Haushina ɗaya, har gobe a lungunanmu ana ce wa mace raki.

Na gode wa Allah, na gode wa Malam Sani. Allah ya jiƙan Farfesa, ya jiƙan Yaya Binta da Goggo.

'Yan uwana mata, in kin haihu kika ga kumburi, ko tari, ko haki, ko kin kasa kwanciya sai a zaune, ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira arba'in. A sassauta ruwan wanka, a yi hankali da kanwa. In an ba ki magani kada ki ajiye don kin ji sauƙi.

Ku kuma iyaye da maza, mai jego tana da kunya, ba ta faɗin ciwo sai ya kai mata wuya. In ta buɗe baki ta faɗa sau ɗaya, ku nemo mota.