Ya Ikilima, Mai Rainon Abin Da Zai Guje Ta

Kafin ta hura wutar banda, Ya Ikilima da bayan ɗaki take farawa. Da ta idar da sallar asuba sai ta zuba ƙananan kifi a ƙoƙo, ta haɗa da fara ko gara idan an samu, ta rufe kanta da wani tsohon buhu da ta huda wa ido biyu, ta durƙusa a gindin zana. Ta wata 'yar kafa take zura hannu. A cikin zanar akwai kwanduna, kowanne da ɗan tsakon tsuntsun daji: na balbela, na zalɓe, wani lokaci na shamuwa da iska ta jefo daga kan darbejiya. Wani ƙafa a karye, wani fiffike na reto. Tana ciyar da su ba ta cewa uffan. Wanda ya san ta ya san wannan shirun ba ƙaramin aiki ba ne, don a duk masu bandar kifi na bakin kogin Gashuwa babu wadda ta kai ta surutu. Ko akuya ce ta gifta sai ta tambaye ta ina za ta.

Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wannan aiki, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya taɓa ce mata sannu a bainar jama'a. Cikin goman da ake kawo mata da ƙyar uku ke tashi. Sauran takan binne su a gindin aduwar gidanta, ta wanke hannu ta koma kan kifinta.

Ni maƙwabcinta ne, malamin firamare, kuma da laifi na fara saninta sosai. Wata damina na tsinci ɗan balbela a filin makaranta yana numfashi sama-sama. Na yi masa abin da muke yi wa wanda ya suma: na buɗe bakinsa na ɗura ruwa da cokali, na bi da jiƙaƙƙen gero. Ko da na isa gidanta, kumfa ce ke fita ta hancinsa.

“Malam, me ka ba shi?”

“Ruwa da ɗan gero, Ya.”

“Mai cin fara da kwaɗi ka ɗura wa gero. Ruwan nan kuma hanyar numfashi ya bi. Kai ne kuma ke koya wa 'ya'yanmu karatu.”

A tafin hannunta ya mutu. Kunya ta hana ni tafiya, ta hana ni zama. Sai ta turo mini kujera 'yar tsuguno ta ce, “Zauna. Tausayi ne ya kashe shi. Ni ma na yi irin nawa, kuma ya fi naka muni.”

A ranar ta ba ni labarin Ɗan'auta. Ɗan gauraka ne da wani masunci ya tsinta a fadama, ƙafarsa ta sarƙe da zaren taru har ta karye. Lokacin ba ta daɗe da rasa mijinta ba, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Ta ɗaure ƙafar da ɓawon kara, ta kwantar da shi a ɗakinta, tana yi masa hira tana ba shi fara a tafin hannu. Ya warke, ya yi tukku, ya riƙa bin ta har kasuwa, mutane na ta dariya. Da ya iya tashi ta kai shi fadamar Katuzu ta sake shi, tana ganin ta gama alheri. Amma tsuntsun da ya tashi a hannun mutum bai san mutum abin tsoro ba ne. Masu kama gauraki suna kai wa gidajen manya ba su ko ɗana tarko ba, da ƙafarsa ya je wurinsu.

Bayan kwana shida ta kai kifi Nguru. A tasha ta hangi wani buhu a saman mota, kan gauraka ya leƙo, an karya masa fiffike a gaɓa don kada ya ƙara tashi. Tana magana da direban da ya kawo ta, sai tsuntsun ya ji muryarta ya fara kuka yana miƙo wuya. Ta ruga tana cewa nata ne. Mai buhun ya ce ta nuna shaida. Motar ta tashi, ita kuwa tana tsaye, tana jin kukan har suka sha kwana.

Daga nan buhu da zana suka samo asali. Ba ta ƙara raɗa wa ɗan tsuntsu suna ba, ba ta ƙara barin ɗaya ya ga fuskarta ko ya ji muryarta ba. Matan unguwa suka ce iskoki ne suka shige ta. Ta bar su suka faɗa har suka gaji.

Ke ce, Ya Ikilima, kika koyi so irin wanda ba ya jiran a san shi. Ke ce mai ɗorin da ba a dawowa a gaishe ta. Mun sha ganin ki kin fito daga bayan zana ido ya yi ja, kin ce hayaƙin banda ne, alhali wutar ma ba ki hura ba.

Bara ciwon ƙodar da ya ɗauki mijinta, wanda ya ɗebe mana mutane da yawa a garin nan, ya zo kanta. Ƙafafu suka kumbura, likita ya raba ta da banda. Ana cikin haka, a tsakiyar damina, wani masunci mai suna Abbo ya zo daga wajen Nguru da ɗan gauraka a cikin hula, an kama iyayensa, shi kuma shanu sun take masa ƙafa. Shekara tara rabonta da ganin ɗaya.

Na ce, “Ya, jikinki ba zai iya ba.”

Ta ce, “To ba ni sunan wanda zai iya.”

Wata uku tana jan jiki zuwa gindin zana, rannan da sanda, rannan da rarrafe, buhu a ka cikin zafi.

Da kaka ta yi, Abbo ya ce ya ga gauraki huɗu a wata fadama mai nisa da hanya. Muka ɗauki a-kori-kura, aka rufe kwandon da zane. Tun a hanya ta gaya mana yadda za a yi. Za a buɗe masa, ita kuma za ta cire buhu ta matsa kusa ta kira shi. Idan ya zo, to ya lalace, dole a mayar da shi gida a tsare shi iya rayuwarsa. Gauraka kuwa yana daɗewa a duniya, ita kuma ta san abin da likita ya gaya mata.

Aka buɗe. Ya fito yana ɗan ɗingishi, ya tsaya yana kallon ruwa. Ta yaye buhun, ta ɗebi fara a tafin hannu, ta taka a hankali tana dafa sanda. Sai ta yi kira da irin muryar da take kiran Ɗan'auta, muryar da ta ɓoye shekara da shekaru. Tsuntsun ya juyo ya dube ta. Ta ƙara taku ɗaya. Ya ja da baya, ya ruga, ya buɗe fiffike ya tashi, bai sauka ba sai can tsallaken ruwa.

Ta zauna a ƙasa, farar na zubewa daga hannunta. Ta ce, “Bai san ni ba, Malam. Alhamdu lillahi.” Sannan ta yi kuka, wannan karon ba ta ce hayaƙi ba ne.

Mun gode, Ya Ikilima. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da abin da mu ba mu iya ba.

Ku kuma jama'ar Gashuwa da Nguru, idan kun tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa, ku fara ɗaga kai ku nemi sheƙarsa. Idan ya ji rauni, ku sa shi a kwando a inuwa ku rufe, kada ku ɗura masa ruwa, kada ku mayar da shi ɗan gida. Sauran kuwa sai an koya, mai koyarwar kuma tana nan kwance a rumfarta, ƙafa ta ƙi amma baki na nan daram. Makon jiya aka kawo ɗan zalɓe, ta kasa tashi, ya mutu a kwandon kafin azahar. Buhun yana rataye a jikin zana da hudarsa biyu, har yau ba wanda ya zo ya sa kansa a ciki.